Takardar da Gwaggo Ta Ɓoye a Likkafaninta

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina 'yar shekara goma sha ɗaya, ta rasu ranar Talata da hantsi a ɗakinta na unguwar Karantina, nan Jidda. Ba ta yi doguwar jinya ba. Ta sha shayinta, ta yi mini faɗa wai na cika sukari, ta kwanta, shi ke nan.

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa. Maza suna kan kujeru a lungu, mu mata muna ciki, ana zagayawa da gahawa da dabino. Ƙaryar da na ji a kwana ukun nan ban ji irinta ba a shekara talatin da bakwai da na yi a ƙasar nan. Wata hajiya daga Ruwais ta shigo da kukanta tun daga bakin ƙofa tana cewa, "Wallahi marigayiya ba ta taɓa ɓata wa kowa rai ba, abadan!" Wannan matar, a gabana Gwaggo ta taɓa ce mata ta tashi daga kan tabarmarta, wai fuskarta tana kore mata masu saye. Wata kuma ta rantse cewa bakin Gwaggo ba ya furta komai sai alheri. Na dube ta na ce a raina, ke dai ba ki taɓa ƙona mata tuwo ba.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne maganar wata maƙwabciyarmu a rana ta uku. Ta nuna 'yata ta fari, wadda kurma ce, tana rakuɓe a kusurwar ɗaki tana kuka da ƙarfi, don ba ta jin muryarta balle ta rage ta. Ta ce, "Dole ta yi kuka, miskina. Ai ba don Hajiya ta tsaya tsayin daka ba, da yarinyar nan ba ta ga ƙofar madarasa ba." Mata suka ɗauka, haka ne, haka ne. Na tashi na shiga kicin na tsaya ina kallon tukunya.

Na san an ce a ambaci mamaci da alheri. Amma ina tsoron nan da 'yan shekaru a manta da Gwaggo ta gaskiya, a bar mana wata tsohuwa mai laushi da ba a taɓa yin ta ba. Ita kanta da ta ji wannan yabon, da ta ce, "Ku rufe mini baki, munafukai." To, ga ta yadda na san ta.

A hajjin 1975 ta taho da ni daga Gusau, ina aji huɗu na firamare. Ba ta taɓa haihuwa ba, shi ya sa mahaifina ya ba ta ni. Alhazai suka koma gida, mu muka zauna. Ta kafa tirenta a bakin titi kusa da kasuwa, gyaɗa da goro da lalle da asuwaki, kuma har tsufa ya kayar da ita Larabcinta bai wuce na ciniki ba. Ta sha wuya kafin ta samo mana iƙama, takardar izinin zama, a hannun wani tsohon kafili, ɗan ƙasa da ya tsaya mana. Tun daga ranar take naɗe tata a leda uku ta ɗaure a ƙugu, ko bayan gida da ita take shiga.

Abu biyu take tsoro a duniya. Na farko ofis. Ko ta gaban ofishin gwamnati za mu wuce, sai ta tsallaka ɗaya hannun titi. Kullum maganarta, "Baƙo raɓa ne. Baƙo ba ya ɗaga murya a gidan mutane." Na biyu baki. Ba ta yabon komai, kuma ba ta son a yaba mata. In abinci ya yi daɗi sai ta ce, "Ana iya ci." In wani ya ce tirenta ya yi kyau yau, sai ta yi tofi ta juya masa baya.

Da wannan ta haɗa mini tarbiyyar kunya irin ta mutanen da. Ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa a gaban manya, ba a yabonsa. Da na yi aure, maigidana lebura ne a wata masana'anta, muka kama ɗaki jikin nata. Na haifi mace, shi kuma don ya kyauta sai ya sa mata sunan Gwaggo. Sunan ya rufu a bakina ta hanya biyu ke nan. Wata rana ta leƙo ta kama ni ina sumbatar tafin ƙafar jaririyar. Mako guda ba ta gaishe ni da komai ba sai, "Sannu, Balarabiya."

Yarinyar tana da shekara biyu ta yi zazzaɓi mai zafi. Gwaggo ce ta goya ta a ƙafa har asibiti, ni ina biye da su ina kuka tana ce mini in rufa wa kaina asiri. Ta warke, amma daga nan ko murfin tukunya ya faɗi a bayanta ba ta waiwaye. Ba zan ɓoye alherin Gwaggo a nan ba. Ranar da yaran lungu suka bi yarinyar suna kwaikwayon muryarta, tirenta ta bari a titi, ta bi su gida gida, ta zage su ta zage iyayensu da Hausa da guntun Larabcinta. Ba a ƙara ba.

Yarinyar kuwa kanta yana ja. In na nuna mata abu da hannu na aike ta kanti, abin take dawowa da shi, ba ta taɓa kuskure ba. Tana da shekara shida na same ta da gawayi tana kwaikwayon rubutun jikin buhun shinkafa a bango, harafi bayan harafi, ba wanda ya koya mata. Ranar na ƙudura a raina sai ta yi makaranta. Na yi ta tambaya har na gano akwai wata ta 'yan mata kurame, kuma suna ɗaukar 'ya'yan baƙi masu iƙama in lajna, wato kwamitin da ke gwada yara, ta amince.

Muka haɗa takardu aka ba mu rana. Ina da cikin wata takwas. Maigidana ya tsaya a waje wurin mai gadi, don maza ba sa shiga. Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafata, ba za a kai takwararta gaban Larabawa ba tana gida.

Wata malama ce mai gilashi ta karɓe mu, ga fayil a gabanta. Ta ce da ni da Larabci, "Yaya sunanta?"

Na nuna fayil ɗin na ce, "Yana ciki, ya abla."

Ta ɗago kai. "Ba ki san sunan 'yarki ba?"

Gwaggo ta yi gyaran murya a gefena. Na sunkuyar da kai.

"To, me take iya yi da kanta a gida? Tana gane abin da kike nufi?"

Na kawar da fuska daga yarinyar na ce, "Ba ta iya komai ba. Sakarya ce, sai ci sai barci."

Duk Bahaushiyar da ta ji wannan ta san uwa ce ke kunyar 'yar fari a gaban babba. Malamar ba Bahaushiya ba ce, rubutawa ta yi. Gwaggo ta ga ana rubutu, sai ta ƙara nata gishirin. Ta buga ɗan yatsa a goshi ta ce, "Mafi mukh, miskina," wato ba ƙwaƙwalwa. Malamar ta zuba wasu 'yan katakai masu launi a kan tebur ta yi wa yarinyar alama ta jera su. Yarinyar ta dubi Gwaggo. Gwaggo ta zare mata ido, irin zarewar da ke nufin ba a taɓa kayan mutane. Ta naɗe hannuwanta a cinya, ba ta ƙara motsi ba har muka tashi.

A hanya Gwaggo ta kusa yabona, karo na farko a rayuwata. Ta ce, "Yau kin yi abin mutane. Kin ga idon matar nan? Irinsu ne ke cinye yaro da kallo." Ni kuma, wawuya, har na ji daɗi. Wannan ba zan ɗora mata shi duka ba, bakina ne ya faɗa.

Amsar ta fito ina cikin jego, don haka Gwaggo ce ta je ta karɓo wurin mai gadi. Ta dawo hannu sake ta ce, "Sun ce mafi wuri, ba sauran gurbi, bana kurame sun yi yawa. Halas, magana ta ƙare, ki haƙura." Na haƙura. Da shekara ta zagayo na ce zan koma, ta ce in zauna, kada a ce mun cika naci a duba takardunmu. Yarinyar ta wuce bakwai, ta shiga takwas. Kowace safiya tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon 'yan mata suna wucewa da jakunkunansu, wani lokaci ta rataya ledar burodi a kafaɗa ta bi su har ƙarshen lungu.

Ruwan sama ne ya tona asiri. Jidda ba ta cika ganin ruwa ba, amma in ya zo Karantina ce ke shan sa. Ya shiga ɗakunanmu har idon sawu. Washegari Gwaggo ta fita da tirenta, ni kuma na jawo akwatinta na ƙarfe zuwa rana. A ƙasansa likkafaninta yake, wanda ta tsoma a ruwan zamzam ta ajiye wa ranarta, shi muka naɗe ta a ciki makon jiya. Na warware shi don ya bushe, sai takarda mai hatimi ta faɗo.

Karatuna na Larabci a hankali ne, da ɗan yatsa na bi ta. Ba maganar rashin wuri a ciki. An rubuta cewa bayan kurunta yarinyar tana da raunin fahimta, uwarta da kakarta sun tabbatar, don haka ba ta dace da makarantar ba. A ƙasa kuma aka ce waliyyinta yana da haƙƙin ya yi i'itiradi cikin kwana talatin, ya nemi a sake gwada ta. Na duba kwanan watan. An yi wata goma sha biyar.

Na tare ta a tsakar gida, tire yana kanta. "Gwaggo, wannan fa?"

"Wa ya ce ki taɓa mini likkafani?"

"Kin san abin da ke ciki?"

"Sarai. Mai rubuta wa mutane koke a bakin ofis ya karanta mini har sau biyu." Ko idonta bai ƙifta ba. "So kike ki kai ƙarar hukuma wurin hukuma? A ƙasar mutane? Su buɗe takardunmu su ga yadda muka zauna, su loda mu a jirgi saboda kurma? Wadda Allah ya rufe wa kunne, alli ne zai buɗe mata?"

Na ce, "Don ba ki haifa ba ne, shi ya sa ba ki san zafinta ba."

Wannan ita ce magana mafi muni da na taɓa faɗa wa mutum, kuma na san inda na nufa da ita. Ta sauke tiren a hankali ta ce, "Haka ne, ban haifa ba. Wadda na riƙa ma ga abin da ta zama." Wata huɗu ba ta yi mini magana ba. In na aika mata abinci, yadda ya je haka yake dawowa.

Maigidana ma sai da muka kai ruwa rana. Ya ce, "Ke ma kin san kafilina ba ya son mushkila. In suka kira shi fa?" Na ce masa in bai sa hannu ba, zan ɗauki tabarma in zauna a ƙofar makarantar kullum har a kira kafilin da dalili. Ya san zan aikata, ya sa hannu.

Mai rubuta ma'arud, wato takardar koke, wani dattijo ne da ke zama ƙarƙashin lema da ɗan teburinsa. Yana ganin takardar ya ce, "Wannan ta taɓa zuwa hannuna. Na ce wa tsohuwar ku yi sauri." Ya ce wa'adi ya wuce, amma ana iya rubuta wa ofishin da ke sama da makarantar a roƙi a sake gwaji, in akwai dalili mai ƙarfi. Ya tambaye ni dalilin. Na tsaya ina inda-inda, sannan na tuna ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce masa a wurinmu uwa ba ta yabon 'yar fari, kushe ta take yi. Ya ajiye alƙalami ya dube ni ya ce, "Subhanallah. Ku Takari, har a gaban lajna?" Ya rubuta yadda na faɗa.

Sau biyu ana dawo mana da koken, wai lokaci ya wuce. Na kai yarinyar asibiti aka sake auna kunnenta, na haɗa da sabon rahoton, muka rubuta na uku. Shi ne aka karɓa. Matar da ta ba ni ranar ta ce in sani, yarinyar ta kai tara, in ba ta ci wannan gwajin ba shekarunta sun wuce na shiga aji ɗaya, ba wani koken kuma.

Da safen ranar na buɗe ƙofa na ga Gwaggo tsaye da abayarta. Ban gayyace ta ba. Ta dubi bango ta ce, "Ba don ke zan je ba." Na so in ce ta zauna, amma wanda ya san Gwaggo ya san ba a ce mata haka.

Wannan karon mata uku ne a bayan tebur. Ga katakan nan masu launi. Babbarsu ta ce, "Yaya sunanta, kuma me ta iya?" Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi. Ina jin numfashin Gwaggo a kafaɗata. Duk koken da na rubuta, duk ranar da na sha, sai ga ni ina kallon yatsun ƙafata kamar wancan karon. Yarinyar ma ta naɗe hannuwanta a cinya. Matar ta ɗauki alƙalami.

Sai Gwaggo ta miƙe. Ta ce, "Wannan mukayyif ɗin nasu mai hura iska zai kashe ni da sanyi. Ina waje." Ta ja takalmanta ta fita, ta rufe ƙofa. Tsakiyar bazarar Jidda ce, kuma a ƙofar makarantar ba inuwa ko ta tsuntsu. Awa biyu ta yi a tsaye a can.

Na kira sunan 'yata da ƙarfi, karo na farko tun da na haife ta. Na ce tana zuwa aike, tana dafa shayi, tana salla ba ta kuskuren raka'a, ta fi duk yaran lungunmu kai. Ina faɗa ina kuka, Larabcin yana karyewa. Yarinyar ta waiga ta ga ba Gwaggo, ta jawo katakan ta jera su kafin a gama nuna mata. Aka ba ta fensir, ta zana rubutun buhun shinkafa tun daga farko har ƙarshe. Ɗaya daga cikin matan ta yi dariya ta ce masha Allah. Suka ɗauke ta.

Muka fito muka tarar da Gwaggo gumi ya jiƙe mata abaya. Ta ce, "An gama zubar da mutuncin?"

Na ce, "Sun ɗauke ta."

"To. Sai ki tofa mata addu'a, kin bar ta a buɗe."

Daga ranar ita ce ke raka ta bakin titi kowace safiya ta jira motar makaranta, ta kuma tare ta da rana, shekara da shekaru. Abin da maƙwabta suka gani ke nan, shi suke yabo. Ba su ga yarinya 'yar shekara tara a aji ɗaya ba, ta fi kowa tsawo, gwiwoyinta ba sa shiga ƙarƙashin tebur. Ba su ji abin da malamarta ta faɗa mini ba, cewa waɗanda aka kawo da wuri ana koya musu su fitar da kalmomi da baki, amma tawa harshenta ya riga ya yi tauri. Ƙawayenta suna iya cewa ummi, wato mama. Ita har yau ba ta iya ba.

Ta gama makarantar, ta koyi ɗinki, tana rubuta wa mutane saƙo suna ba ta amsa. Ranar da ta kawo shahadarta ta gama makaranta na yi zaton Gwaggo za ta ce wani abu, ko da rabin kalma ce ta nadama. Ta juya takardar sama da ƙasa, ta miƙo mini ta ce, "Kin gani? Da ban ɓoye ta shekara biyun nan ba, da baki ya kama ta tun tana ɗanya." Haka ta tafi a kan bakanta, ba ta taɓa cewa in yafe mata ba.

Kafin a fita da gawar, matar da ta yi mata wanka ta ce duk wanda marigayiya ta saɓa wa ya yafe mata. Na ce na yafe, kuma da gaske nake a kan abin da yake nawa, faɗan da gorin da wata huɗun nan. Ina roƙon Allah ya yafe mini tawa maganar da na soke ta da ita. Amma shekara biyun yarinyar ba nawa ba ne balle in yafe su. Mai su kuwa ba ta san an ɗauke mata komai ba. A wurinta Gwaggo ce tsohuwar da ke riƙe mata jaka a bakin titi, kuma ban taɓa ɗaga hannu na gaya mata maganar takardar ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yi mata sassaucin da ita ba ta iya yi wa kowa ba, ya sanyaya mata kabari saboda awa biyun da ta tsaya a rana. Jiya 'yata ta same ni ina wannan rubutu, ta leƙo ta tambaye ni da hannu mene ne. Na ce mata labarin Gwaggo ne. Ta yi murmushi, ta shafa takardar, ta ce in ajiye da kyau. Larabci kaɗai aka koya mata a makarantar, shi ya sa na rubuta da Hausa.